Rabilu Musa Ɗan Ibro: ganduroban da barkwanci ya mayar gidan kaso

Ranar Laraba 10 ga watan Disamba na shekarar 2014 aka wayi gari da labarin rasuwar Rabilu Musa, wanda ƙasar Hausa ta sani da Ɗan Ibro, ko Ibro a taƙaice. Ya rasu a Kano bayan fama da ciwon ƙoda, saura kwana biyu ya cika shekara 43 a duniya. A ranar labarin ya ƙetara iyaka ta rediyo da wayoyin hannu, ya iso Maraɗi da Damagaram da Gure, inda mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Kano ba suka riƙa yi wa juna ta'aziyya kamar an yi rashin maƙwabci.

Fiye da shekara goma ke nan, amma har yau guntayen finafinansa suna yawo daga waya zuwa waya a fadojin shayi da tashoshin mota. Yaran da aka haifa bayan rasuwarsa sun san muryarsa. Tarihinsa ya ƙunshi wani abu da ba kasafai ake gani ba: mutum ne da ya yi shekaru yana gadin fursunoni, ya ajiye kaki ya rungumi sana'ar ba da dariya, sannan wannan sana'ar ta mayar da shi gidan kaso a matsayin ɗaurarre. Wanda ya bi wannan hanya tun daga farko zai gane nauyin da barkwanci yake da shi a wurin Bahaushe, da kuma dalilin da ya sa masu iko ba sa ɗaukarsa da wasa.

Daga Ɗanlasan zuwa Wudil

An haifi Rabilu Musa ranar 12 ga Disamba 1971 a garin Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. Ƙauye ne na manoma a gabashin birnin Kano, kusa da Wudil. A nan ya yi firamare, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil.

Wudil gari ne na bakin kogi, a kan babbar hanyar da ta fita daga Kano ta nufi gabas, kimanin kilomita 40 daga birni. Kasuwarsa da ke ci ranar Juma'a tana cikin manyan kasuwannin shanu na arewacin Najeriya, dillalan dabbobi na jihar Damagaram ma sun san ta. Duk mako Fulani makiyaya da mahauta da direbobin manyan motoci da masu maganin gargajiya da maroƙa da ƴan damfara suna cakuɗuwa a wuri guda, kowa da irin Hausarsa da irin wayonsa. Yaron da ya tashi a wannan yanki, in yana da kunne, ya samu makarantar kwaikwayo kyauta. Mutanen da Ibro ya riƙa fitowa a matsayinsu daga baya, kusan dukkansu ana iya samunsu a irin wannan kasuwa.

Bayan ya gama kwaleji bai zama malamin aji ba. A 1991 ya shiga aikin gidan yari na Najeriya, aikin da can ake kira ganduroba, kwatankwacin gardin gidan kaso a Nijar. Ya yi kimanin shekara takwas yana wannan aiki, har ya kai muƙamin sufeto. Tun yana cikin kaki ya fara wasan kwaikwayo. Da sunansa ya soma fita, sai ya ajiye aikin gwamnati mai albashi da fansho, ya koma harkar da a lokacin iyaye da yawa ba sa ɗaukarta sana'a. Fim ɗin Ƴar Mai Ganye shi ne wanda ya fara fito da shi ga jama'a.

Gadon da ya tarar

Ibro bai ƙirƙiri barkwancin Hausa ba, gado ya tarar. Tun kafin zuwan kyamara akwai ƴan kama, waɗanda suke shiga irin ta malamai suna kwaikwayon wa'azi alhali batun tuwo da miya suke yi. Akwai ƴan gambara da ke yawo kasuwa-kasuwa da habaici da zambo. Akwai wawan sarki, wanda ake bari ya faɗi abin da bafade ba zai iya faɗa ba. Akwai kuma tashe a cikin azumi, lokacin da yara suke bin gida-gida suna kwaikwayon tsoho da gwauro da mai rowa. Dukkan waɗannan sun ginu a kan ƙa'ida ɗaya: gaskiyar da za ta jawo faɗa in an faɗe ta kai tsaye, ana iya haɗiye ta in ta zo cikin raha.

Mutanen Gure ba baƙin wannan ƙa'ida ba ne. Wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare abu ne na kullum a kasuwa da bakin rijiya, ana faɗa wa juna maganar da ta isa ta haddasa rigima, a ƙare da dariya da musabaha. A watan Nuwamba na 2014, makonni kaɗan kafin rasuwar Ibro, hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta wasan zumunci ta Nijar a jerin kayan gadon ɗan Adam.

Da rediyo da talabijin suka zo, gadon ya samu sabon gida. A Kaduna Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya yi suna da shirin Samanja Mazan Fama, yana wasa da Hausar bariki. Kasimu Yero ya yi Karambana. A Jos akwai Karkuzu na Bodara. A Nijar kuwa zamanin Seyni Kountché da samariya ya ba wasan kwaikwayo na Hausa ƙarfi, ƙungiyar Damagaram ta su Yazi Dogo ta riƙa shiga gidaje ta Muryar Sahel da Télé Sahel. Waɗannan duka ƴan wasan gidajen gwamnati ne. Akwai shugaban tasha a kansu, akwai lokacin da aka yanka musu, akwai kuma iyakar da kowa ya san ba a ƙetarawa. Ibro ya zo a zamanin da wannan tsari ya fara sauyawa, lokacin da kaset ɗin bidiyo ya ba kowa damar yin fim ya kai kasuwa ba tare da ya bi ta ofishin kowa ba.

Zamanin camama

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi don sayarwa. Cikin shekara goma harkar ta bunƙasa, har ta samu sunan Kannywood a 1999. Finafinan da suka fi tashe a lokacin, irin su Sangaya, na soyayya ne: saurayi da budurwa, waƙa da rawa irin ta Indiya, manyan gidaje da motoci. Ɗan ƙauye in ya fito a cikinsu, sai dai a matsayin mai gadi ko ɗan aike.

Ibro da abokansa suka ɗauki wata hanyar. Suka riƙa yin finafinai masu arha a ƙauyuka da unguwannin talakawa, da kyamara ɗaya, cikin ƴan kwanaki. Gidan ƙasa da danga da akuya da tukunyar tuwo su ne kayan wasan. Ƴan masana'antar suka laƙaba wa irin waɗannan finafinai sunan camama, kalmar da ke ɗauke da raini, wato abin da aka haɗa a gurguje. Sunan ya bi su, amma kasuwa ba ta raina su ba. Ƴan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata a Kano sun gane cewa hoton Ibro a bayan kwali ya isa ya sayar da fim. Shi ya sa aka riƙa manna sunansa a gaban sunayen finafinai: Ibro Awilo, Ibro Ɗan Fulani, Ibro Angon Hajiya, Ibro Aloko, da wasu masu yawa.

Bai yi wannan tafiya shi kaɗai ba. Tare da shi akwai ƴan wasa da jama'a suka fi sani da sunayensu na fim: Kulu da Tsigai da Dumɓaru da Yautai da Ƙauru da Baba Ari da Ɗan Gwari da Gatari da Katakore. Kowanne yana da halin da aka san shi da shi, mai kallo kuma yana ganin fuskar ya san abin da zai biyo baya. Wannan sabo shi ne rabin daɗin kallon.

Yadda yake wasa

Mutumin da Ibro ya fi fitowa a matsayinsa talaka ne mai son banza, mai cika baki, mai tsoro, wanda kullum yake da dabarar da za ta fitar da shi daga talauci kafin magariba. Yau ya zama boka, gobe direba, jibi ɗan sanda ko malamin tsibbu ko angon mai kuɗi. Dabarar takan tafi daidai na ɗan lokaci, sai ta juye masa, a ƙare da gudu ko duka ko gurfana gaban mai unguwa. Wanda ya san tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya san wannan tsari: wayo ya yi yawa har ya cinye mai shi.

Kayan aikinsa fuska ce da murya da jiki. Yana zare ido, ya karkace baki, ya sa murya ta tashi sama lokacin da tsoro ya kama shi, ya kumbura ƙirji lokacin da yake ganin babu mai ƙarfi a kusa. Yana da kunnen kwaikwayon harshe, Hausar Bafulatani da ta Bagwari da ta ɗan boko mai cusa Turanci. Ya yi waƙoƙin barkwanci da dama a cikin finafinansa, irin su Bayanin Naira da Direba Makaho.

Mai karatun da ya saba da finafinan Turai zai tuna da Charlie Chaplin, ɗan Ingila da masu jin Faransanci suke kira Charlot, wanda aka haifa a Landan a 1889 ya rasu a 1977. Shi ma talaka ya riƙa fitowa, da takalmi ya fi ƙafarsa girma, yana artabu da ɗan sanda da mai gida da yunwa. Bambancin da ke tsakaninsu yana wurin yadda ake aikin. Masu barkwancin Ingila sun saba da rubutu: shirin Mr Bean, wanda Rowan Atkinson da Richard Curtis suka ƙirƙira a 1990, kashi 15 ne kacal cikin shekara biyar, kowane motsi an tsara shi a takarda. A camama kuwa akan zauna a tsara ƙashin labari da baki, a ce wane zai shigo, wane zai fita, sauran maganar kuma ta fito daga bakin ɗan wasa a gaban kyamara. Ibro marubuci ne da ba ya riƙe alƙalami. Wannan ne ya ba maganarsa ɗanɗanon hirar bakin kasuwa, shi ne kuma ya sa wasu finafinan suka fito da maimaici da tsawon da ba shi da dalili.

Duniya a tsakar ƙauye

Wata baiwar da ta bambanta shi da sauran ita ce saurin ɗauko abin da duniya take magana a kai ya sauke shi a tsakar ƙauye. Lokacin da kiɗan Awilo Longomba, mawaƙin Kwango, ya mamaye Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, sai ga Ibro Awilo: Bahaushen ƙauye yana rawar Kinshasa da shiga irin ta mawaƙin. Matasan da suka san Awilo na asali sun fi kowa gane inda dariyar take.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka da yaƙin Afganistan, hotunan Usama bin Laden sun cika motocin haya da shaguna a Kano. A 2002 aka fitar da Ibro Usama, inda ya fito a matsayin mutumin da Amurka take nema ruwa a jallo, abokan wasansa kuma suka fito a matsayin shugabannin Amurka da Birtaniya. A 2003, shekarar da aka mamaye Iraƙi, Ibro Saddam ya biyo baya. Yaƙin manyan ƙasashe ya koma rigimar ƴan ƙauye da bindigogin wasa. Wasu malamai da ƴan Hisba a Kano sun nuna rashin jin daɗinsu da fim ɗin Usama, suna ganin an mayar da batu mai nauyi abin wasa. Masana kuwa, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Bajamushe Matthias Krings, sun yi nazarin waɗannan finafinai a matsayin shaidar yadda talakan arewa yake karanta siyasar duniya.

Ga mai sauraron rediyo da ke jin sunayen Bush da Blair safe da yamma ba tare da ya taɓa ganin inda suke ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fim ɗin ya rage musu tsawo, ya sa su cikin riga da hula, ya mayar da su mutanen da za a iya yi wa dariya.

Hanyar Damagaram da Gure

Iyakar da Turawa suka shata ba ta taɓa tare kaset ba. Finafinan Kano suna fita ta Daura su bi ta Matamaye, ko su bi ta Magarya, su sauka a Damagaram. Daga can motocin da ke bin babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1 zuwa Diffa suna sauke su a Gidimuni da Gidigir da Gure. A shekarun kaset, da kuma na faifan CD da suka biyo baya, gidan kallo abu ne da kowane gari yake da shi: rumfa ko zaure, talabijin ɗaya, ƙaramin janareto, benci ko tabarma, a biya ƴan kuɗi kaɗan a shiga.

Ibro ya dace da wannan yanki saboda dalilai na fili. Gure gari ne da Barebari da Tubawa da Fulani da Buzaye da Hausawa suke zaune tare, Hausa kuma ita ce harshen ciniki. Fim ɗin soyayya mai dogon zance yana buƙatar wanda ya ƙware a Hausar Kano. Fim ɗin Ibro kuwa, ko mutum Hausarsa ta kasuwa ce kawai, fuska da gudu da faɗuwa sun isa su ba shi dariya. Sannan gidajen da ake gani a ciki irin gidajen masu kallo ne, matsalolin kuma irin nasu: bashin mai shago, kuɗin cefane, rigimar kishiyoyi, ɗan sandan da ke tsaye a hanya. Finafinan Faransa da na Amurka da ake nunawa a talabijin suna nuna rayuwar wasu. A nan mai kallo yana ganin maƙwabcinsa, wani lokaci ma kansa.

Sai dai wannan farin jini bai koma aljihun ɗan wasa yadda ya kamata ba. Tsarin kasuwar Kano shi ne furodusa ya biya ɗan wasa kuɗin aikinsa sau ɗaya, ƴan kasuwa su buga su rarraba. Kwafin da ake sake bugawa ba da izini ba, a Najeriya da Nijar da Kamaru da Gana, babu ko sisi da ke dawowa daga gare su. Chaplin ya gane wannan tarko tun 1919, lokacin da ya haɗu da abokansa suka kafa kamfanin United Artists don su mallaki abin da suka yi. Ƴan camama ba su samu irin wannan kariya ba. Hanyar da ta rage musu ita ce yawan aiki, fim bayan fim, ba hutu.

Shekarar 2008

Dangantakar ƴan fim da hukumomin Kano ta daɗe tana tsami. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya zama gwamna, ya kuma kawo shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu. A watan Agusta na 2007 wani hoton bidiyo na waya da ya shafi wata ƴar fim ya bazu, ya tayar da ƙura a jihar. Gwamnati ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga hukumar Hisba, ya shugabanci hukumar tacewa. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka fito da sababbin sharuɗɗa, kotun tafi-da-gidanka kuma ta riƙa yanke hukunci cikin gaggawa. Adam A. Zango yana cikin waɗanda aka fara ɗaurewa a 2007 saboda faifansa na Bahaushiya.

A watan Oktoba na 2008 layi ya zo kan Ibro. Aka kama shi tare da abokin aikinsa Lawan Ƙaura, aka gurfanar da su bisa tuhumar gudanar da kamfani ba rajista da kuma rawar da aka ce ba ta dace ba a cikin Ibro Aloko, fim ɗin da ya riga ya daɗe a kasuwa. Kotu ta yanke musu ɗaurin wata biyu. A cikin fim ɗin akwai wata waƙa da matasan Kano suka ɗauke amshinta suka riƙa rerawa don zolayar gwamna, saboda irin yadin da yake yawan sawa. Ƴan fim da masu sharhi da dama sun ɗauka cewa wannan zolaya ita ce ainihin abin da ya jawo kamun. Hukumar kuwa ta tsaya a kan tuhumar da ke rubuce.

Ta haka tsohon sufeton gidan yari ya koma inda ya baro, wannan karon ta ɗaya gefen ƙofar. Wanda ya san yadda ake ƙirga fursunoni da yamma, yanzu shi ake ƙirgawa. A ƙarshen watan Disamba na shekarar aka ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama saboda fim ɗinsa Tsintsiya. Ƴan fim da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos da wasu garuruwa, inda dokar Kano ba ta kai ba.

Masu goyon bayan hukumar suna da hujjarsu, kuma ba a Kano kaɗai ake jin ta ba. Iyaye da malamai a Damagaram da Gure ma sun yi kukan cewa raye-rayen finafinai da wasu kalamai suna lalata tarbiyyar yara, kuma gaskiya ne akwai wuraren da camama ta wuce gona da iri, musamman wajen yi wa naƙasassu da wasu ƙabilu dariya. Amma ɗaurin Ibro ya nuna wani abu dabam. A al'adar da ya gada, sarki yana barin wawa ya yi magana, domin ya san dariyar jama'a hanya ce ta jin abin da ke ransu. Hukumar zamani ba ta yi wannan haƙuri ba. Ɗaurin kuma bai rage masa farin jini ba, ya fito ya ci gaba da aiki. A 2011 Rabi'u Musa Kwankwaso ya dawo kujerar gwamna, shugabancin hukumar tacewa ya sauya, ƴan fim suka fara komawa gida.

Shekarun ƙarshe

A shekarunsa na ƙarshe katangar da ke tsakanin camama da manyan finafinai ta fara rushewa. Furodusoshin da a da suke ganin barkwancin ƙauye bai kai matsayinsu ba suka riƙa neman Ibro, ya fito tare da manyan taurarin Kannywood a finafinai masu tsari da kuɗi, irin su Andamali. Sababbin masu barkwanci kamar Sulaiman Bosho da Rabi'u Daushe da Mustapha Naburaska suka taso a gefensa, wasu lokuta a fim ɗaya da shi.

A daidai wannan lokaci ciwo ya fara cin jikinsa. Masu kallo sun lura da ramar da ya yi a wasu finafinan ƙarshe. An sha yaɗa jita-jitar mutuwarsa tun yana raye, abin da ya sa da labarin gaskiya ya zo a Disamban 2014 wasu suka ƙi yarda sai da suka ji daga rediyo. An yi jana'izarsa a mahaifarsa Ɗanlasan, inda ɗimbin jama'a da abokan sana'arsa suka halarta.

Ya rasu a lokacin da kasuwar da ta ɗaukaka shi take gab da rushewa. A shekarar 2014 ɗin ce tashar Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye da Hausa ta tauraron ɗan Adam. Cikin ƴan shekaru faifan CD ya mutu, gidajen kallo suka koma nuna ƙwallon Turai, finafinai suka koma YouTube da katin waya. Barkwancin Hausa na yau ya rabu gida biyu: shirye-shirye masu dogon zango da ake rubutawa kashi-kashi, irin su Gidan Badamasi, da kuma gajerun bidiyo na minti ɗaya ko biyu da matasa suke ɗorawa a TikTok da Facebook daga Kano da Maraɗi da Damagaram.

Abin da ya bari

A cikin waɗannan gajerun bidiyo ana ganin sawunsa ko'ina: zare idon, cika bakin da ke ƙarewa da gudu, talakan da dabararsa ta juye masa. Da yawa daga masu yin su ba su san daga inda suka ɗauko ba. Sunansa ma ya shiga harshen yau da kullum, domin a gidaje da makarantu yaron da ya cika ba da dariya akan ce masa Ibro.

Akwai kuma abin da ake gudun ya ɓace. Finafinansa da yawa an yi su ne a kan kaset da faifai marasa ƙarko. Abin da ke yawo a intanet guntaye ne da aka yanko, hoton ya dushe, sau da yawa babu sunan fim ko shekarar da aka yi shi. Finafinan Chaplin na shekara ɗari da suka wuce an gyara su an adana, ana nuna su a makarantu. Na Ibro, waɗanda suka ɗauki hoton yadda ƙauyen Hausa yake magana da sutura da dariya a tsakanin shekarun 1990 da 2014, suna warwatse a tsofaffin shaguna da akwatunan gidaje. Duk wanda yake da irin waɗannan kaset ko faifai a Gure ko Damagaram, yana riƙe da wani yanki na tarihin Hausa da ya cancanci a juye shi a kwamfuta kafin zafi da ƙura su cinye shi.

Rabilu Musa ya fito daga ƙauye, ya kuma sa ɗan ƙauye a tsakiyar allo a lokacin da masana'antar take kallon birni da Indiya. Ya biya kuɗin wannan sana'a da aikinsa na gwamnati da ƴancinsa na wani lokaci. Allah ya jiƙansa da rahama, ya yafe masa kurakuransa, ya albarkaci abin da ya bari.